Ɗan Mai Gurmi a Cikin Kwantena

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da muka yi lodin kwantenar Alhaji Sabo ba. Na yi ƙoƙarin mantawa. Mutanen unguwar Dengfeng sun hana.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na yi dako a Legas, na keta sahara a bayan mota, na yi wata bakwai a Libiya cikin wani ɗaki da babu taga, na fito da haƙorana ban da guda biyu. Duk wannan bai sa na sunkuyar da kai ba. Abin da ya sunkuyar da ni wata 'yar jita ce mai launin ruwan hoda, wadda ba ta kai tsawon hannuna ba.

Aikina a Guangzhou ta ƙasar China lodi ne. 'Yan kasuwarmu na Kano su sayi kaya, a tara a wani sito a bayan gari, ni in tsara su cikin kwantena yadda ko tafin hannu ba zai sami wurin shiga ba. A rufe, a sa sil, wato hatimin ƙarfe mai lamba, mota ta ja zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ina kwana a Dengfeng, ɗaki ɗaya a saman wani shagon waya. A unguwar an san ni da abu biyu: kayan mutum ba ya ɓata a hannuna, kuma ba na dariya. Ɗalibanmu da ke jami'o'in garin, in na shiga gidan abinci, sai su rage murya. (Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.)

Akwai abu na uku da ba wanda ya sani. Mahaifina makaɗi ne. Jatau mai gurmi ake ce masa, yana bin kasuwannin ƙauye da gidajen biki. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ana son kiɗanka, ana yi maka liƙi, ana kiranka duk inda ake murna. Amma ranar da maganar aure ta haɗa ka da wani gida, sai a tuna kai maroƙi ne. Ina da shekara goma sha biyar na bar gida saboda wannan suna. Tun daga lokacin, duk wanda ya tambaye ni sana'ar ubana, sai in ce manomi ne. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Yana da wata 'yar gona da akuya ke ketawa da tsalle uku. Ya rasu ina Libiya. Shekara talatin da biyar ban taɓa tsirkiya ba.

Yadda abin ya zo hannuna kuwa, na raka wani kwastoma sayen kayan wasan yara a wata babbar kasuwa da ke Liuhua Lu. Da aka gama, lawban ɗin, wato mai shagon, ya ɗauko wannan 'yar jita ya miƙo min kyauta. Tsirkiyarta huɗu. Ya ce sunanta ukulele. Na nuna masa baƙar rigata, ina nufin ko akwai baƙa. Ya ce, "Meyo." Babu. Ruwan hoda kawai ta rage. Na karɓa don kada in ba shi kunya, na tafi da ita sito da niyyar in jefa cikin kwantenar wani ya kai wa 'ya'yansa.

A nan Lawu ya gan ta.

Sunansa na gaskiya Lao Wu, mu muka mayar da shi Lawu. Shi ke tuƙa motar ɗaga kaya a siton. Ya kai shekara sittin, siriri ne, furfurarsa doguwa yana ɗaure ta a ƙeya. Shekara shida muna aiki tare, abin da ya haɗa mu bai wuce ƙirga katan da nuni da hannu da zagi biyu-uku da muka koya wa juna ba. Ya karɓi jitar, ya murɗa kunnuwanta ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Sannan ya buga wani abu. Gajere ne. Ya kai ƙarshe ya dawo farko, ya sake, ya sake.

Ina ɗauke da katan a ka. Na tsaya da shi a kan nawa har wuyana ya ƙage.

Na ce a raina, wannan ai take ne. Irin wanda ake buga wa ɗan dambe kafin ya shigo fili, ko wanda makaɗi ke buɗe wasa da shi, mutane su ji tun daga nesa su san wane ne ya zo. Lawu ya ga na tsaya, ya ciro wayarsa ya nuna min wasu tsofaffin bidiyo. Turawa ne masu dogon gashi da matsattsen wando, suna girgiza kai kamar masu aljanu. Ya ce, "Rok." Ya sake buga gajeren abin nan ya ce, "Rif." Sannan ya nuna min hoton wani saurayi da gashi har kafaɗa, riƙe da babbar jita, ya buga ƙirjinsa. Ashe shi ma ya yi zamaninsa.

Ban ce ya koya min ba. Washegari lokacin cin abincin rana na je na zauna kusa da shi a bayan diloli, na miƙa hannu. Shi ke nan.

Yatsuna kamar katako suke. Dako ya cinye su. In na danna tsirkiya ɗaya sai in haɗa da maƙwabciyarta. Wata uku na yi kafin na iya rif ɗaya, Lawu yana dafe kai yana zagina da Hausar da ni na koya masa. Daga baya na iya uku. Da farko na ɗauka duk hayaniya ce iri ɗaya. A hankali kunnena ya buɗe. Wani takunsa irin na ƙaton da ya san ba wanda zai tare shi. Wani kamar jirgin ƙasa ya taso daga nesa. Akwai wani da in na ji shi sai in tuna daren farko da na kwana a tasha ba ni da kowa, kuma ban san yadda wani Bature da ya tsufa ko ya mutu ya san wannan ba.

Sai muka gano wani abu. In ka shiga kwantenar da ba ta cika ba ka buga, ƙarfen yana amsawa. Lawu ya kawo wata 'yar sifika mai waya da ake maƙalawa a jikin jitar. To, in ka haɗa biyun, abin wasan yaran nan sai ya koma tsawa. Ka ji shi a haƙarƙarinka.

Ina ɓoye jitar a buhun shinkafa a lungun sito. Ban taɓa kai ta Dengfeng ba. A can, in ɗalibai suka kunna waƙa a waya, ni ne mai cewa, "Ku rage mana wannan shirmen." (Allah ya yafe min.)

Yanzu ga inda maganar ta yi nauyi. Ina da 'ya ɗaya, Rabi. Ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Rabin rainonta ta waya na yi shi. Ta haɗu da wani yaro mai hankali, Mustafa, ɗan Alhaji Sabo mai atamfa a Kwari. Tana sonsa, yana sonta, ni ma na yarda. Saura binciken asali. Wata rana matata Hajara ta kira ni, muryarta a ƙasa.

"Malam, an ce sun tura mutum ƙauyenku."

"To."

"To kawai? An ce wani ya ambata musu gurmi. Kuma ka san maganar ba a hannun Alhaji Sabo take ba, a hannun wansa take, Alhaji Babba. Shi kuwa an ce ya rantse gidansu ba ya haɗa jini da maroƙa."

"Na ji."

"Yarinyar nan ba ta san komai ba. In abin nan ya lalace, kai za ka yi mata bayani."

Ba a yi sati ba Alhaji Sabo ya aiko cewa ni yake so in yi masa lodin kwantenarsa. Bai taɓa ba ni aiki ba. Kowa ya san ba lodi yake son gani ba, ni yake son gani. Kuma akwai hanya. A aikinmu, mai kaya in yana Kano, ba ya yarda a rufe kwantena bai gani ba. Sai a kira shi ta bidiyo, a ɗaure waya a ƙofar kwantena tana kallon ciki, yana zaune a shagonsa yana ganin kowace dila tana shiga, har a sa sil a nuna masa lambar. Haka ake yi, kuma ni na fi kowa sanin haka ake yi. Ku riƙe wannan.

Ana gobe lodi Rabi ta kira.

"Baba, don Allah gobe ka ɗan saki fuska. Mustafa ya ce ko a hoto tsoronka yake ji."

"Fuskar ke nan."

"Baba."

"To."

Ranar na sa farin kaftani da hula, na rataya carbi a hannu. Tunda nake ban taɓa lodi da kaftani ba. Lawu ya kalle ni sama da ƙasa ya tambaya da hannu ko wani ne ya mutu. Ƙarfe uku da rabi na yamma a nan, safiya ce a Kano, an buɗe shaguna ke nan. Na ɗaure wayar da roba a ƙofar kwantena, na kira. Alhaji Sabo ya fito, mutum mai jiki, mai fara'a. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi sanyi da zafi. Ina ta murmushi. Aka fara lodi, ina ba da umarni cikin sanyin murya kamar limami. Ma'aikatan sai waiwayena suke, sun saba da tsawa.

Mun kai rabi sai aiki ya tsaya. Motar da za ta kawo sauran shadda daga masaƙa ta maƙale a cunkoso. Na yi wa Alhaji bayani.

Ya ce, "Ba komai, Malam. Bari in ɗan leƙa waje, in ta iso sai mu ci gaba."

Fuskar wayar ta yi baƙi.

Ni a wajena, in waya ta yi baƙi, magana ta ƙare. Akwai wasu ƙananan rubutu da lambobi da ke motsi a sama, amma ni da rubutu ba ma gaisawa. Daga baya na ji cewa kifa wayar kawai ya yi a kan tebur, ya tafi ɗauko Alhaji Babba daga shagonsa don tsohon ya ga uban yarinya da idonsa, ya ga natsuwarsa.

Ma'aikata suka watse shan taba. Na yi la'asar. Na zauna a bakin kwantena, kumatuna suna ciwo saboda murmushin da ban saba ba, maganar gurmi kuma tana raina. Sai ga Lawu da buhun shinkafa a hannu ɗaya, sifika a ɗayan. Na girgiza kai. Na nuna masa kaftanina. Ya wuce ni. Ya shiga cikin kwantenar, ya haɗa waya, ya ja tsirkiya ɗaya. Ƙarfen ya amsa tun daga ƙofa har ƙurya.

Na tsira daga sahara. Ban tsira daga wannan ba.

Na ce guda ɗaya kawai, don in huce. Na ajiye carbi, na naɗe hannun kaftani, na karɓa. Na fara da rif ɗin ƙaton nan mai taku. Lawu ya jawo wata robar ruwa da ba komai a ciki ya kifa ta, ya mayar da ita ganga. Muka zagaya sau biyu, sau biyar, sau goma. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya nuna kaina, ya yamutsa fuska. Kaina sanƙo ne. Yana nufin wannan kiɗa ba ya yiwuwa babu gashi. Ya fita da gudu. Akwai wani katan na wata Hajiya 'yar Ghana da ya fashe tun safe, cike da hular gashi ta mata. Ya ɗauko wata doguwa, ja-ja, ya cire min hulata ya ɗora min ita.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni gyara ta na yi.

Na ɗora ƙafa ɗaya a kan dilar atamfar Alhaji Sabo. Na rufe ido. Na shiga girgiza kai yadda na ga Turawan nan suna yi, gashin yana dukan fuskata. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Turancin waƙar ban san shi ba, don haka abin da ke kwance a ciki shekara talatin da biyar shi ya fito. Sana'ar ubana ce ta fito, da kirarinta da zambonta.

"Sabo na Kwari, mai atamfa ɗaki-ɗaki! Sabo surukina, ko an ƙi ko an so! Tumbi kamar dilar shadda, Allah ya ƙara!"

Lawu bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya yi ihu ya ƙara wa gangarsa wuta. Ni kuma na ji daɗin kaina.

"Babba mai bincike! Je ka ƙauye ka dawo! Tambayi akuya, tambayi kaza!"

(Mutumin da ko sunansa bai kamata in kama ba. Wan uban mijin 'yata. Na kama, na maimaita, na sa masa amshi.)

Na rufe da abin da na ga wani Bature ya yi a bidiyo: na zube a kan gwiwoyi, na ɗaga jitar sama, na ja tsirkiya huɗun gaba ɗaya. Gwiwata ta hagu ta yi ƙara. Ƙarfen ya ɗauki sautin ya yi ta juya shi har ya mutu. Wuri ya yi tsit.

Sai na ji tari daga bakin ƙofa. Tarin tsoho.

"Assalamu alaikum."

Kwantena ƙafa arba'in ce. Na auna ta da ƙafata sau dubu. Ranar ta zama tafiyar Agadas. Da na isa gaban wayar, fuskarta ba baƙa ba ce. Cike take da mutane. Ga Alhaji Sabo. Ga wani tsoho siriri da tabarau da farin gemu a zaune a kujera, Alhaji Babba ke nan. Ga Mustafa a bayansu ya toshe baki da hannu biyu. Bayansa kuma kawuna ne, na maƙwabtan shago da masu dako da wani mai shayi riƙe da buta, kowa yana leƙe.

Na amsa sallama. Jikina ya yi abin da ya saba yi gaban manya, na durƙusa har ƙasa. Gashin ya zubo ya rufe min fuska. A lokacin na tuna yana kaina. Kafin in ɗaga hannu, Lawu ya turo kansa ta gefen kafaɗata, yana haki, yana washe baki, ya ɗaga musu hannu.

"Nihaw, lawban!"

Wasu daga baya suka amsa masa.

Alhaji Sabo ya gyara murya. "Malam, motar ta iso ne?"

"Ba ta iso ba, Alhaji."

"To. Mun dai ga ana ta aiki."

Wani ya fashe da dariya, aka ja shi waje. Ni ina durƙushe ina tunanin Rabi. Ba kunyar gashin ba ce ta fi damuna. Na san na kashe mata aure da hannuna, da 'yar jitar yara.

Tsohon ya ce, "Sabo, matso min da shi." Fuskarsa ta cika wayar. "Kai ne uban yarinyar?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"An zo mana da magana cewa kai ɗan Jatau mai gurmi ne." Ya tsaya ya yi tari. "Na san Jatau. Ina saurayi na sha takawa da ƙafa har kasuwar Gezawa don in ji shi, in dawo mahaifinmu ya zane ni, mako ya zagayo in koma. Mutumin nan in ya taɓa tsirkiya, mai awo sai ya manta mudu nawa ya zuba." Ya juya wajen ƙanensa. "Sabo, ƙazafi aka yi wa bawan Allahn nan. Na zauna na saurara tun daga farko. Wanda ya fito daga tsatson Jatau ba zai yi abin da na ji yanzu ba. Wannan ai kamar akuya ce ta maƙale a shinge. Haukansa dai nasa ne, zaman China ne, Allah ya yaye masa. Amma maganar gurmi a bar ta."

Kun ji. An wanke ni. Shaidar da na yi shekara talatin da biyar ina nema, ga ta an ba ni a gaban kasuwa, daga bakin mai yanke hukunci. Abin da ya rage min kawai in yi shiru. Ni da shiru ne sana'ata ta biyu.

Na ce, "Ɗansa ne ni."

"Na'am?"

"Jatau ubana ne. Ni ne na biyu a ɗakin Mairo."

Mustafa ya ɗora hannu biyu a ka.

Zan so in ce tsoron Allah ne ya sa na faɗa. Ba shi ba ne. Haushi ne. Wata tara ina fama da yatsun nan, tsoho ya ce akuya a shinge. Sannan akwai wani abu a ƙarƙashin haushin. Na daɗe ina cire kaina daga jikin ubana, amma ban taɓa jin wani ya cire ni da bakinsa ba. Da na ji, bai yi min daɗi ba.

Tsohon ya gyara zama. Sannan ya ce, "To. In ɗansa ne kai, buga mana takensa. Wanda yake buɗe wasa da shi."

Na san shi. Da shi aka yaye ni. Yana cikin kaina gaba ɗaya, babu inda ya goge. Na gyara jitar a cinya, na fara. Bugu na farko daidai. Na biyu, na uku, daidai. Na ga tsohon ya ɗago kai. A na huɗu yatsuna suka zame, suka koma hanyar da suka saba, sai ga ƙaton Bature ya shigo da takunsa. Na tsaya. Na sake farawa. Wuri ɗaya, zamewa ɗaya. A karo na uku Lawu ya ɗauka wasa ne ya dawo, ya rugo da robarsa ya shiga duka.

Alhaji Babba ya cire tabarau ya goge ido da bakin rawani. Har yau ban san ko dariya ce ko hawaye ba.

"Allah ya jiƙan Jatau," in ji shi. "Ya tafi da abinsa, bai bar wa kowa ba."

Duk shagon aka ce amin. Ni ma na ce amin. Me zan ce?

"Sabo, abin da muke gudu dama jikoki su tashi da kiɗa. Ka ji da kunnenka. Kiɗa ya ƙare a gidan nan tun a kan uba. Kuma na buɗe masa ƙofa ya fita, ya ƙi, ya ce ubansa ubansa ne. A sa rana." Ya mayar da tabarau. "Kai kuma Malam, cire gashin nan. Maganar manya muke yi."

Na cire.

Alhaji Sabo ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da bakinsa. "Maganar tumbi kuma, surukina, za mu yi ta daga baya."

Motar shadda ta iso. Muka gama lodi, aka sa sil, na nuna lamba. Da na gama na kashe wayar, na cire ta daga ƙofa, na tambayi ma'aikata biyu ko ta mutu da gaske.

Abin da ban sani ba, mutum uku a shagon sun ɗauki abin da wayoyinsu. Kafin in isa Dengfeng ya riga ni isa. Na shiga gidan abinci cin tuwo bayan magariba, ɗalibai suka rage murya kamar kullum. Na ji sanyi a raina. Na zauna. Sai wani daga can lungu ya fara rif ɗin da hanci, a hankali. Na kusa da shi ya ɗauka da cokali a kan tebur. Mai abincin, wata Bazabarma da ba ta taɓa yi min wasa ba, ta ajiye min kwano ta ce, "Baba Rok, a ƙara miya?" Sunan ya zauna. Har 'yan canji da shi suke kirana yanzu.

Hajara ta kira ta ce shekara ashirin da bakwai tana aurena ko fito ba ta taɓa jin na yi ba, ashe ajiya nake yi wa mutanen Kwari. Rabi ta kira bayanta.

"Baba, cewa na yi ka ɗan saki fuska. Ɗan."

Ta yi dariya har numfashinta ya ɗauke, sannan dariyar ta koma kuka. Da ta natsu ta ce, "Me ya sa ba ka taɓa gaya min Kaka makaɗi ne ba?" Na ce mata katin waya zai ƙare, alhali ba da kati muke magana ba.

An yi biki bayan ƙaramar salla. Na je. Alhaji Sabo ya tarbe ni yana shafa cikinsa, ya ce in duba ko dilar ta ƙaru. Bayan ɗaurin aure Alhaji Babba ya sa aka kira ni gefe, ya ce in kawo wayata, in kunna wajen ɗaukar murya. Ya kara ta a bakinsa, ya rera taken Jatau da hanci tun daga farko har ƙarshe, da muryar tsufa mai rawa. Ya miƙo min ya ce, "Riƙe. Kada ka ce ni na ba ka."

Na dawo Guangzhou na kunna wa Lawu. Ya saurara sau uku. Kwana biyu ya ɗauka. Yanzu yana buga taken ubana tsaf a kan ukulele mai ruwan hoda, har da 'yan kwalliyar da na manta akwai su. Ni wata takwas ke nan ina kai, kuma har yanzu a bugu na huɗu Baturen nan yake shigowa.

Abin da na koya bai da yawa. Waya in ta yi baƙi ba mutuwa ta yi ba, don haka yanzu in zan taɓa jita, wayar nake fara sawa a buhun shinkafar. Sannan duk wanda zai ɓoye sana'ar ubansa shekara talatin da biyar, ya riƙa ɗan gwada ta a ɓoye. Ni tsorona kullum kada a gane ni ɗan makaɗi ne. Ban taɓa kawowa a raina cewa zan faɗa da bakina, in buga da hannuna, a ce a kawo wata shaidar ba.